Na kai uwargida yawon buɗe ido, amarya ta ɗauke mini wuta

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki na wannan shiri, ina neman shawararki a kan wata matsala da na jawo wa kaina da hannuna, alhali alheri na nufa. Ni magidanci ne mai shekara 46, ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Ina da mata biyu a gida ɗaya, kowacce da ɓangarenta, kuma kwana bibbiyu suke yi a girki. Uwargidana shekararmu 17 da aure, 'ya'yanmu biyar. Amarya kuwa wannan ce shekararta ta uku, da ɗa ɗaya.

Wata rana muna hira uwargida ta faɗa mini, cikin raha, cewa a Kano aka haife ta amma ba ta taɓa hawa Dutsen Dala ba, sai dai ta hange shi daga cikin adaidaita-sahu. Maganar ta tsaya mini a rai, domin da na yi lissafi sai na ga tun da aka ɗaura mana aure ba mu taɓa fita mu biyu ba, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ko asibiti ba. Sai na shirya mana fita ta ƙarshen mako, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, ba tare da mun bar jihar Kano ba, muka kai yaran wajen ƙanwarta.

Daren Juma'a a wani masauki muka kwana a unguwar Nasarawa. Da sassafe muka hau Dala kafin rana ta yi zafi, tana haki tana dariya, tana nuna mini unguwarsu daga sama kamar ƙaramar yarinya. Daga nan muka shiga Gidan Makama, wanda asalin gininsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, sannan muka wuce marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa a 1498. A nan ne ta fi daɗewa, tana kallon yadda ake tsoma zane a ramin baba, tana jin ƙarar mabuga, har ta tuna mini cewa kakanta na wajen uwa marini ne, abin da ban taɓa sani ba duk tsawon zamanmu. Da la'asar muka kama hanyar Zariya, muka ratsa gonakin shinkafa na Kura, muka isa madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako. Mun ci gasasshen kifi a bakin ruwa muna kallon masunta, kuma a daren nan mun yi maganganun da shekaru goma ba su ba mu damar yi ba. Ban yi nadamar wannan fita ba, ko da an ce in sake zan sake.

Inda gizo ke saƙar shi ne, daren Juma'a na uwargida ne, amma daren Asabar amarya ce ke karɓar girki. Kafin mu tafi na sanar da ita, ta ce mini ba komai, Allah Ya kiyaye hanya, ni kuma na ɗauki maganar a yadda ta zo, ban tsaya na duba fuskarta ba. Tun da muka dawo yau sati uku ke nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Tana dafa abinci ta ajiye, ta shige ɗaki. Da na matsa mata, sai ta ce na ci mata kwana, kuma na nuna wa duniya wadda ta fi matsayi a wajena, musamman da yake uwargida ta sa hotunanmu na Tiga a WhatsApp, 'yan'uwan amaryar suka gani suka yi ta kiranta.

Na ba ta haƙuri, na ce zan rama mata kwananta kuma zan kai ta duk wuraren da na kai 'yar'uwarta. Ta ce ita ba za ta bi sawun kowa ba, ba ta da sha'awar hawa dutse ko kallon marina. Yankari take so, ta ga giwaye, ta shiga ruwan ɗumi na Wikki. Hajiya, Yankari tana jihar Bauchi, kuma idan aka haɗa kuɗin mai da masauki da abinci, abin zai ninka wanda na kashe a fitar farko, ga shi kwana biyu ba za su isa ba. Uwargida kuma ta riga ta ji, ta aiko mini da saƙo cewa in har aka je can, to ita ma tana bin bashi. Mahaifiyata da labari ya kai mata cewa ta yi duk yawon gantali ne, da na zauna a gida da ban ga haka ba.

Na san Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma ni ban yi ba. To amma ina so ki taimaka ki tambayar mini malaman da kike gayyata: kwana a masauki a cikin garin da mutum yake zaune, ko a Tiga da ba ta kai tafiyar awa biyu ba, yana shiga hukuncin tafiya, ko kuwa kwanan amarya na ci kawai, wanda dole in rama? Sannan adalci a irin wannan fita a ina yake, a yawan kwanaki, ko a kuɗin da aka kashe, ko a bai wa kowacce abin da ranta yake so ko da farashinsu ya bambanta? Idan kuma na ƙi zuwa Yankari na nemo mata wani wuri kusa, kamar Daura ta ga rijiyar Kusugu, ta yaya zan gabatar mata da shi ba tare da ta ɗauka ragowa nake ba ta ba?

Ina roƙon a sakaya sunana, domin su biyun duka suna sauraron shirin nan.

Wassalam,
Mai sauraronku daga birnin Kano