Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Sana'ar Gilashi da Madubi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, iyayen gidanmu a wannan sana'a, da sauran 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Wannan rahoton ofishin sakatare ne. Lissafin abin da ya shiga asusu da abin da ya fita na Ma'aji ne, kuma zai karanta nasa daban, saboda haka ba zan sa baki a maganar kuɗi ba sai inda ya zama dole.

Kafin komai, muna yi wa waɗanda suka rasa iyaye da 'ya'ya a cikin shekarar nan ta'aziyya. Allah ya ji ƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Halin da aka yi aiki a ciki

Ba sai na tuna muku ba, amma rahoto ne, dole a rubuta. Tun farkon shekara dala ta haura naira 1,500, kuma yawancin gilashin da muke yanka daga waje yake zuwa ta tashar Legas. Kan ka ba mutum farashin taga ranar Litinin, Alhamis dila ya canza maka lissafi. A watan Afrilu aka mayar da kuɗin wuta na rukunin A, wato unguwannin da aka ce sun fi samun wuta, naira 225 kowane yunit. A farkon Agusta dokar hana fita ta rufe shaguna, ta kuma sa muka ɗaga horon da muka shirya. Sai kuma duhun ƙarshen Oktoba, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako guda ana sayen man janareta kamar ana sayen magani. Duk aikin da zan lissafa a cikin wannan hali aka yi shi.

Injin leza na haɗin gwiwa

Babban aikinmu na bana shi ne injin zanen leza, wato mai zane da haske mai ƙarfi, da babban taron bara ya amince a saya da kuɗin karo-karo. Ya iso, an kafa shi, yana aiki, kuma kowane mamba na da damar kawo aikinsa bisa layi. Amma ina ganin wajibi ne in faɗi gaskiya: da yawa daga cikinmu, har da ni, mun ɗauka injin zai riƙa sassaƙa gilashi kamar yadda ake sassaƙa ƙwarya. Ba haka yake ba.

Namu irin wanda ake kira CO2 ne, wanda wani masani Kumar Patel ya ƙirƙiro a Amurka a 1964. Haskensa ba ya ganuwa da ido, tsawon zangonsa maikiromita 10.6, kuma gilashi ba ya barin sa ya wuce, a fuska yake shanye shi. Ɗan ɗigon da hasken ya taɓa sai ya yi zafi nan take ya kumbura, alhali kewayensa da sanyi, sai wurin ya yi 'yar tsaga, ɓarɓashi ya tashi. Wannan farin da kuke gani a zanen, tarin ƙananan tsagu ne jere da juna. Wato injin fasa gilashin yake yi, sai dai fasawa ce mai tsari. Wanda ya gane haka ya gane dalilin da ya sa ƙara wuta ba ya ƙara kyau. A makonnin farko yaranmu suna ganin zane bai fito ba sai su murɗa ƙarfi, su maimaita sau biyu sau uku, aikin ya fito da kaushi, gefen haruffa duk ya ɓantare, ka shafa ya soke ka a yatsa.

Abin da muka tsayar bayan asarar guntaye masu yawa: a rage ƙarfi, a wuce sau ɗaya, a mayar da baƙin zanen ya zama toka-toka a kwamfuta don kada ɗigo ya hau kan ɗigo, sannan a shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takardar jarida a fuskar gilashin, a shafe ta sumul babu kumfar iska ko ɗaya. Takardar ce ke ɗauke rarar zafin. Ranar da aka fara gwada wannan a kan wani guntun milimita 5, aka zana dagin Arewa, aka ɗaga takardar aka wanke, wani dattijonmu da ya fi kowa adawa da sayen injin ya karɓa ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana jujjuyawa, sannan ya ce, “To, yanzu kun fara magana.”

Injin yana da nasa ciwon. Bututun da ke haifar da hasken shi kansa gilashi ne, da ruwa ake sanyaya shi, kuma a zafin Afrilu, da rana ke wuce digiri 40, bokiti da ɗan famfo ba su riƙe shi ba. Dole muka sayi na'urar sanyaya ruwa ta gaske, abin da ba ya cikin kasafi. Da hunturu kuma ƙura ce ke kwanciya a kan madubai uku da ke juya hasken da kuma ƙwayar da ke tattara shi. In ba a goge ba ƙurar ta ƙone a kai. Yanzu sharaɗi ne, wanda ya buɗe shago shi zai goge kafin a kunna.

Akwai wata ɓarna da nake so kowa ya ji, ba don tozarta kowa ba. Wani yaro ya sa sitikar da muke yanka siffar zane da ita idan za a dusashe gilashi da feshin yashi a cikin injin don ya yanke ta da sauri. Irin wannan sitika robar PVC ce, in ta ƙone hayaƙinta na ɗauke da sinadarin kulorin, yana cin huhu yana cin ƙarfe. Yaron ya yi ta tari har yamma, kuma bayan 'yan kwanaki tsatsa ta bayyana a kan layukan da kan injin ke gudu. An hana wannan kwata-kwata. Sitika, injin yanka mai wuƙa ne nata.

Wani ɗan uwanmu kuma ya sayi nasa injin na kansa, irin wanda ake kira faiba, yana zaton zai yi masa zanen gilashi. Hasken faiba ratsa farin gilashi yake yi ya wuce kamar hasken rana, ko tabo ba ya bari. Ya zo ofis ransa a ɓace. Allah da ikonsa, sai asarar ta zama riba: in aka kifa madubi, faiba na kankare fenti da azurfar bayansa tsaf ba tare da ya taɓa gilashin ba, a sa fitila a baya zanen ya haska. Madubin amare da na shagunan aski da kuke gani yana fita da suna da furanni masu haske, daga wurinsa ne. Amma masu kawo hoton mutum a tsakiyar dunƙulen gilashi suna cewa a yi musu irinsa, ku daina karɓa. Wancan injin daban ne mai koren haske, gilashinsa ma daban, ba mu da ko ɗaya.

Rubutu da tsarin aiki

Aikin da ya fi shigowa shi ne allunan karramawa na makarantu da ƙungiyoyi, sai tagogin masallatai da ƙofofin banɗaki masu dusashe. A nan ma mun sha kunya sau biyu. Wata manhajar zane ba ta san rubutu daga dama zuwa hagu ba, sai ta wargaza haruffan Larabci kowane ya tsaya shi kaɗai, kuma mai aikin bai lura ba sai da gilashi ya fito. Na biyun, an yi zane ta bayan madubi an manta a juya shi a kwamfuta, sunan amarya ya fito a birkice. Na amarya abin dariya ne. Na aya ba abin dariya ba ne, domin gilashin da ya lalace da ayar Alƙur'ani a jiki ba a jefa shi bola. Kwamiti ya yanke cewa duk rubutun Larabci ko Ajami sai an buga shi a takarda, malami ya duba, mai kaya ya sa hannu, sannan a kunna inji.

A horon da muka yi bayan an ɗage dokar hana fita, mun fi daɗewa a kan gasasshen gilashi, wanda muke kira tamfad. Ana gasa shi ne a tanda har wajen digiri 620, a huce shi da iska da sauri, fuskarsa ta matse, ya ninka na yau da kullum ƙarfi sau huɗu zuwa biyar. Amma duk wannan ƙarfin a fatarsa yake. Ka ratsa fatar da dayamon ko abin huji ko zane mai zurfi, gaba ɗayansa zai zube kamar tsakuwa. Haka ta faru da wata ƙofa mai kaurin milimita 10 da mai ita ya dage sai an ƙara mata zurfin zane bayan ta dawo daga tanda. Irin wannan ƙofa, mita 2.1 a santimita 90, nauyinta ya kai kilo 47, tunda kowace murabba'in mita ta milimita 10 kilo 25 ce. Cikin ƙiftawar ido ta koma abin da aka kwashe da shebur. An yi sulhu a ofis, an raba asarar, amma darasin a bayyane yake: a yanka, a goge baki, a huda, a yi zane mai zurfi, sannan a kai tanda. Mai kaya ko Alhajin wane ne, ba a sauya masa wannan jeri.

An kuma nuna wa yara yadda ake gane fuskokin gilashi biyu. Tun da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da hanyarsa a 1959, a kan narkakken kuza ake zuba gilashi ya kwanta, shi ya sa fuska ɗaya ke ɗauke da ɗan kuza. Fitilar da ke bayyana ta tana ofis ga mai buƙata.

Yashi da asid

Wannan shi ne sashen da ya fi damuna, kuma shi ne wanda muka fi gazawa a kai. Leza ba ta kori feshin yashi ba, ba kuma za ta kore shi ba. Ƙofa guda da kwamfureso ke dusashewa cikin ɗan lokaci, leza sai ta wuni a kai, in ma ta shiga injin, kuma laushin feshi da zurfinsa ba a samun su a leza. Saboda haka feshi na nan daram. Matsalar ita ce har yanzu yawancinmu yashin rafi muke tankaɗewa mu zuba, yaro ya ɗaura ƙyalle a hanci ya shiga. Yashin nan in ya daki gilashi yana farfashewa ya zama ƙurar da ido ba ya gani, ta sauka can cikin huhu ta zauna. Cutar da take haifarwa, silikosis, ba ta da magani, ba ta nuna kanta sai bayan shekaru, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ingila ta hana feshi da irin wannan yashi fiye da shekara 70 da suka wuce. Mu kuwa muna cewa a ba yaro madarar gwangwani ya sha ta wanke masa ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu.

Ƙungiya ta yi odar garin alminiyum oksayid, wanda ake tacewa a sake amfani da shi sau da dama, an kuma ƙera akwatin feshi rufaffe guda ɗaya a matsayin samfuri, mai tagar leƙe da safar hannu a jiki. Waɗanda suka karɓa ba su kai yadda muka so ba. Uzurin shi ne tsada, kuma na san gaskiya ne. Amma mu da muka daɗe a sana'ar mun san dattawan da yanzu ba sa iya hawa bene sai sun tsaya a tsakiya.

Asid ɗin dusashe gilashi kuwa, haidirofulorik, ya fi kowane asid da muka sani makirci. Yana iya taɓa fata ba a ji zafi ba sai bayan sa'o'i, alhali ya riga ya ratsa yana cin sinadarin ƙashi. Ba a ajiye shi a kwalba domin cinye ta yake yi, kuma ba a zuba shi a gorar ruwa inda yaro zai ɗauka. Wanda ya taɓa shi ya wanke da ruwa mai yawa, a shafa man kalsiyam gulukonet, a wuce asibiti ko da bai ji komai ba. Mun so a ce kowane shago mai amfani da shi yana da wannan man kafin ƙarshen shekara. Ba mu cim ma haka ba.

Abin da ke gaban taro

Kwamiti na neman amincewarku a kan abu uku. Na farko, daga sabuwar shekara shagon da ke feshi da yashin rafi a fili ba za a sa shi a layin injin leza ba sai ya gyara. Na san za a yi muhawara, kuma ita muke so. Na biyu, a ware wani kaso na kuɗin hayar injin a ajiye domin sabon bututu, tunda na yanzu yana da iyakar kwanansa, kuma da dala ake sayensa. Na uku, a nemi likitan ƙirji ya duba duk wanda ya daɗe yana feshi, a fara da yara masu koyo da dattawa, ƙungiya ta ɗauki rabin kuɗin hoton ƙirjin.

Waɗanda ake bin su kuɗin wata su ga Ma'aji kafin a tashi. Masu guntayen gilashi a bayan ofis kuma su zo su kwashe kafin Juma'a, mai sayen fasasshe zai zo da motarsa ranar Asabar.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya