A Bambance Sinadarin Bakuchiol da Ɗanyen Man Babchi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu game da bakuchiol, sinadarin da ake yayatawa a matsayin madadin retinol (wani nau'in bitamin A da ake shafawa) wajen gyaran fata.

Ana samun bakuchiol ne daga 'ya'yan wani tsiro mai suna babchi, wanda masu maganin gargajiya na Indiya da Sin suka daɗe suna amfani da shi kan cututtukan fata, kuma masana a Indiya ne suka fara ware shi a 1966. Amfaninsa ya wuce zaƙin bakin 'yan talla. A wani bincike da aka buga a 2019, an raba mutum 44 gida biyu, wasu suna shafa man bakuchiol sau biyu a rana, sauran kuma retinol sau ɗaya, har tsawon mako 12. Duka ɓangarorin sun samu raguwar tamoji da baƙaƙen tabo kusan daidai wa daida, sai dai masu retinol sun fi kokawa da raɗaɗi da saɓar fata. Mutum 44 ba su da yawa, amma sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa ga wanda fatarsa ba ta jure magani mai ƙarfi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wasu ke sayar da ɗanyen man babchi ko garinsa da sunan bakuchiol, alhali 'ya'yan tsiron suna ɗauke da wani sinadari dabam, psoralen, wanda ke sa fata ta kasa jure hasken rana. Mutum zai shafa da safe ya fita harkokinsa, kafin kwana biyu fuska ta yi jawur, ta tashi bororo kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, kuma a fata mai duhu tabon da zai biyo baya yakan ɗauki watanni bai gushe ba. Wanda ya nemi gyara sai ya ƙare da ɓarna, don kawai an ce masa ai daga tsiro ne.

Saboda haka mai saye ya karanta jikin kwalba, ya tabbatar tataccen bakuchiol ne, wanda yawanci ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na haɗin, sannan ya fara gwadawa a bayan kunne kafin ya kai fuska. Masu juna biyu kuwa su tuntuɓi likita tukuna. Ina kuma roƙon jaridar nan ta gayyato likitan fata ya yi wa jama'a cikakken bayani.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum