Rahoton ayyukan shekara ga mambobi masu sa ido kan shaho

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Ga bayanin abin da aka yi bana da abin da ya gagara, daga ofishin sakatare. An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, sai dai fuskokin da ake gani ba sa canzawa.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ranar kallo da muka shirya wa jama'a a gindin dutsen da shahon feregirin ya yi ƙwai. Malamai sun kawo ɗalibansu, iyaye ma sun zo, yara suka yi layi a bayan madubin hangen nesa da muka aro. Macen na zaune a gefen dutse, ta fi namijin girma nesa ba kusa ba, ana ganin baƙin zanen nan na kumatunta da rawayen ƙafafunta tar. Can sai namijin ya yi sama har ya koma ɗigo, ya naɗe fikafikansa, ya sulalo ya doki wata tantabara a iska, gashinta ya watse. Wurin ya kaure da ihu. An daɗe ana gaya wa yaran nan cewa gudun wannan tsuntsu a irin wannan saukowa yana wuce kilomita 300 a awa, kuma babu wata dabba da ta kai shi, amma ranar sun gani da idonsu. Bayan nan suka kalli uwar tana yayyaga naman ƙanana-ƙanana tana sa wa 'ya'yanta a baki, su kuwa duk farin gashi ne a jikinsu. Muna godiya ta musamman ga matan ƙungiya da suka tsaya kan yara har aka tashi.

A wurin aka tunatar da mahalarta yadda shahon ya kusa ƙarewa a wasu ƙasashe. Bayan yaƙin duniya na biyu aka riƙa fesa maganin ƙwari na DDT a gonaki, dafin ya taru a jikin ƙananan tsuntsaye, shaho ya ci su, ɓawon ƙwansa ya yi siriri har yana fashewa idan uwa ta kwanta a kai. Wani masani mai suna Derek Ratcliffe ne ya nuna wannan a Birtaniya a 1967, ta hanyar auna tsofaffin ƙwai da sababbi. A gabashin Amurka tsuntsun ya daina haihuwa gaba ɗaya. Amurka ta hana DDT a 1972, masana irin su Tom Cade suka yi kiwonsa suna saki, har aka cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa na ƙasar a 1999.

Wannan nasarar ce wasu mambobi suke fakewa da ita, suna cewa ai shaho ya farfaɗo, me kuma ya rage? Abin da ya rage da yawa. Murar tsuntsaye ta H5N1 da ta bazu a duniya tun 2021 tana kashe shi, musamman wanda yake zaune a gaɓar teku yana cin agwagin ruwa da tsuntsayen bakin ruwa. Ɓarayin ƙwai da 'ya'ya suna nan, saboda kasuwar masu farauta da shaho: a 2010 an kama wani a filin jirgin saman Birmingham da ƙwai 14 ɗaure a jikinsa, zai kai Dubai. Ga masu sa guba da masu harbi don kare tantabarunsu. Ƙidayar da aka yi a Birtaniya a 2014 ta nuna yana ƙaruwa a birane da filaye amma yana raguwa a tsaunuka. Yawancin wannan an gano shi ne don akwai masu komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara suna rubuta abin da suka gani. Aikinmu ke nan, kuma a nan muka gaza bana.

Ƙidayar wuraren kwanci ba ta kammala ba. An raba wurare a farkon shekara, kowa ya karɓi nasa da bakinsa, amma da lokaci ya yi wasu ko waya ba sa ɗauka. Daga kwanci zuwa tashin 'ya'ya bai fi wata biyu da rabi ba, wanda ya bari wannan ya wuce sai baɗi. Waɗanda suka fita sun yi bakin ƙoƙarinsu da kuɗin motarsu, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu laifin giɓin da ke cikin takardunmu.

Haka batun kyamarar da za a kafa a dutsen. Na ji ana cewa kwamiti ya danne maganar. Kwamiti ya nemi izini ya samu, ya samo mai haɗawa, ya karɓo farashi. Kuɗin ne babu. Abin da ya shigo asusu ya tafi wajen ranar kallo da buga takardun ƙidaya, kuma rasit ɗin kowane kashi yana hannun ma'aji ga mai son dubawa. Akwatin kwanci da za a ɗora a kan wani dogon gini shi ma an yanka katakonsa, yana jiran kuɗin hawa da shi.

Ni da ma'aji mun gaji da bin mutane kan kuɗin wata-wata. Abin da ciwo ka ga mamba yana tura hotunan shaho a WhatsApp kullum, amma sunansa a littafin biya fanko ne tun bara. Wanda yake cikin matsi ya faɗa mana a asirce, za a ɗaga masa, ba a taɓa tozarta kowa ba. Shirun ne yake hana mu tsara komai.

Kwamiti ya yanke cewa a taro mai zuwa za a sake rabon wuraren ƙidaya, kuma sai wanda ya zo da kansa za a ba wuri. Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin ranar. Madubin da muka aro an mayar wa mai shi, don haka sayen namu shi ne batu na farko a ajanda.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya