Ɗiyata, Ba Kowane Rawayan Fure Ne Hankufa Ba

Daga Tawa zuwa Yamai.

Ɗiyata, bayan gaisuwa, ina mai gidanki, ina kuma ɗan angona? Allah Ya raya mana shi.

Gwaggonki ta dawo da labarin da ya hana ni barci. Wai yaron na zawon haƙori, ke kuma kin fita bayan unguwa kin tumɓuko hankufa da hannunki za ki dafa mishi bauri. Ke? Yaushe kika san hankufa? Lokacin da nake zuwa daji da yayyenki, kina ɗaki da littafi, kuma ban hana ki ba.

Abin da ya cika filayen nan garmani ne. Shi ya cinye makiyaya da burtali, dabba ma ta kan wuce shi ɗanye ba ta kula ba. Danginsu ɗaya da hankufa, da rama, da yakuwa, da kuɓewa, shi ya sa suke ruɗin ido: duka biyun ganyensu na da gashi mai laushi, furensu rawaya. To ki duba da kyau. Ganyen garmani faffaɗa ne daga gindi, ya tsuke a baki. Furensa na buɗewa sosai, ya kai girman farce, kowane da ɗan sandansa. In ya bushe, ɗan ya kan tsage kashi wajen goma, kowane da tsinke biyu masu kama zane. Hankufa kuwa ganyenta ya fi tsawo, jijiyoyinsa sun nutse har ya yi tamoji. Furanninta ƙanana ne ƙwarai, a cunkushe a hammatar ganye, kuma ƙwaya ɗaya tak ke cikin ɗanta. Da rani, in ganye ya kaɗe aka ɗaure saiwa zalla, ni kaina ba zan rantse miki ba, balle abin da ake shimfiɗawa a kasuwar Katako.

Ƙaninki mai karatun noma ya ce akwai wani sinadari cikin garmani da ke sa zuciya bugawa da sauri. Zuciyar jaririn da bai cika shekara ba! Kin kuwa yi tunanin wannan? Ko so kike a kira ni cikin dare?

Na san za ki ce da bauri na raine ku. Haka ne, kuma ba na jin kunya. Amma ni uwata ta riƙe hannuna ta nuna mini, likita kuma tafiyar yini ce daga ƙauyenmu. Ke kina da ita a bakin titi.

Zubar da abin da kika ɗebo. Ki ci gaba da ba shi nono, ki kai shi likita su ba ki garin haɗa ruwan gishiri da sukari. Kada ki bari idonsa ya faɗa.

Ba faɗa nake miki ba, tsoro ne. In damina ta sauka ki zo da shi, mu fita bayan gari ki taɓa ganyen nan biyu da yatsunki. Ki gaida surukarki.

Innarki