Wasiƙa daga Shikago a kan raunin harsashi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda kake tambaya ko gaskiya ne a Amurka kowa da fargabar harbi yake fita daga gida. Zan ba ka amsa da abin da idona ke gani a sashen gaggawa na asibitin da nake aikin jinya.

Gaskiyar magana ita ce harsashi a ƙasar nan ya san unguwa. Marasa lafiyar da ake kawo mana cikin jini da tsakar dare, galibinsu samari ne baƙaƙen fata, kuma idan na duba adireshinsu sai in ga unguwanni ɗaya ne suke ta maimaituwa a kudanci da yammacin birnin, alhali akwai unguwannin masu hali a arewaci da sai a daɗe ba a ji ƙarar bindiga ba. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 15 cikin 100 na mutanen ƙasar ba, amma su ne fiye da rabin waɗanda ake kashewa da bindiga.

Kada ka yarda da masu cewa halin mutanen ne ya jawo, domin ruwa ba ya tsami banza. Tun a shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi a matsayin alamar cewa ba da rance a can haɗari ne, bankuna suka daina ba mazaunansu rancen sayen gida. Daga baya masana'antu suka rufe, aikin yi ya ƙaura, kango ya yawaita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga 1991 har zuwa 2018 kudancin Shikago, inda harbi ya yi katutu, ba shi da asibitin da aka tanada domin manya masu mummunan rauni, sai dai motar asibiti ta yi doguwar tafiya da mutum jini na zuba. Sai da matasan yankin suka shafe shekaru suna zanga-zanga kafin Jami'ar Shikago ta buɗe irin wannan sashe.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya zuwa gabanmu. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu a Amurka, kuma fiye da rabinsu kansu suka harbe. Yawancin waɗannan maza ne fararen fata, da dama dattawa ne mazauna karkara a jihohi irin su Wyoming da Montana, inda bindiga ke cikin gidaje da yawa, likita kuma na nesa. Su ba kasafai ake kai su asibiti da rai ba.

Wanda ya tsira ma bai huta ba. Na sha sallamar yaro ɗan shekara 19 a keken guragu, zai koma bene marar lif, a kan titin da aka harbe shi, mahaifiyarsa kuma ta bar aiki domin jinyarsa, ga takardar kuɗin asibiti na biye da su. Irin waɗannan nake roƙon ka sa a addu'a.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Shikago