Amsa ga Malam da ya yi min tambaya a taron iyaye da malamai

Assalamu alaikum Malam. Ranar taro ka miƙe ka ce in aka fara yi wa 'yan mata uzuri saboda ciwon mara, wa zai hana kowacce ta fake da shi ta yi kwanciyarta a gida ranar tes? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, kuma gaskiya ni ma kunya ta ɗan kama ni gaban iyaye maza.

Ni ke kiran rajista a SS2. Akwai yarinyar da duk wata sai ta yi fashin kwana biyu, in ko ta daure ta zo to kafin ƙarfe goma tana ofishinmu kwance kan benci, gorar ruwan zafi a mara, ta yi amai, hijabi sharkaf da gumi. Wallahi Malam ba lalaci ba ne. Wasu Panadol ya ishe su, amma akwai cutar da likitoci ke kira endometiriyosis, nama irin na cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajenta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kuma sai a yi shekaru ba a gano ba tunda kowa cewa yake ta yi haƙuri in ta haihu zai daina.

Abin da muke roƙo fa bai kai yadda kake tsoro ba. A jihar Kerala ta Indiya, a 2023, an rage wa ɗalibai mata na jami'o'in jihar sharaɗin halartar aji daga kashi 75 zuwa 73 saboda jinin al'ada. Kashi 2 kacal.

Masu ƙarya dai za a samu, ai ko ciwon kai ana ƙaryarsa kuma ba mu daina karɓar uzurinsa ba. Inda ban yarda ba shi ne a ce sai da takardar likita duk wata, uban da ke haɗa kuɗin audugar mata da ƙyar ina zai iya yankan kati sau tara a shekara? Takarda ɗaya a farkon shekara ta isa, ranar da abin ya tashi uwa ta bugo waya, mu rubuta uzuri, a sake mata tes.

Yarinyar nan tes biyu na lissafi suka wuce ta a zangon da ya gabata, sifili aka sa mata. Zan sake ɗaga maganar a taro na gaba, don Allah ka zo da Hajiya.