Godiya ga garejin da ya bar wa Fijo 504 injinta na asali

Assalamu alaikum.

Wannan godiya ce ga Baba mai garejin tsofaffin motoci da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, shi da yaransa. Mun rubuta ta a bainar jama'a ne don masu irin wannan mota su san har yanzu akwai inda za a kai Peugeot 504 a karɓo ta tana nan a 504 ɗinta.

Motar salun ce haɗin Kaduna, daga cikin waɗanda kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya riƙa haɗawa bayan ya fara aiki a 1975. Injinta XN1 ne mai cc 1971, giyabos kuma BA7 mai giya huɗu. Ciwonta ba ɓoyayye ba ne: ruwa na shiga baƙin mai har ya koma kamar kunun gyaɗa, tana zafi tun ba a fita gari ba, in an saki kuloci kuma sai a ji ƙwas daga ƙarƙashi. Gareji uku ta zaga kafin nan, duk bakinsu ɗaya: a sauke injin a sayar wa 'yan gwangwan, a ɗora na Japan ɗan Beljiyam. Babu wanda ya ko kwance fulogi ya duba. Wanda ya san ƙirar motar nan ya san abin da shawarar take nufi. Farfelar 504 a cikin bututun ƙarfe take juyawa, bututun kuma shi ya haɗe giyabos da aksul na baya. Kafin baƙon inji da giyarsa su zauna sai an yanke bututun, an yi waldar sababbin mazaunai, an sauya hanyar salansa. In aka yanke kuwa, an yanke ke nan, kuma karkarwar da za ta biyo baya ba mai raba motar da ita.

Baba, abin da ya fara kwantar mana da hankali shi ne ba ka fara da sifana ba. Tsumma ka ɗauka ka goge jikin injin har lambar da aka buga masa ta fito, ka gwada ta da takardun motar, sannan ka ce injin bai mutu ba, silib ne, wato hannun rigar ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ya nutse. Haka kuwa aka tarar. Injin nan silib ɗinsa zarewa ake yi, ruwa na zagaye shi kai tsaye, kuma kowanne yana zaune ne a kan wani siririn abin toshiya. Dole bakinsa ya ɗan ɗara saman bulok da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, don gaskit ya samu abin dannewa. In ya nutse, ko gaskit goma aka sa sai ya ƙone. Kun auna huɗun ɗaya bayan ɗaya da ma'auni mai agogo, kun rubuta da alli a jikin benci. Kuma tun da aka ɗaga kan injin kuka danne silib ɗin da ƙarfe da noti kafin kowa ya juya kuranshaf, domin juyi ɗaya ya isa fistin ya ɗago shi ya ɓata mazauninsa.

Yaron da ke riƙe da kayan aiki ya cancanci a ambace shi daban. An kawo saitin fistin da silib a kwali mai tambarin zaki, mai kayan yana rantsuwa na wannan injin ne. Yaron bai yi musu da shi ba, ya ɗauko abin awo ya zura a silib: faɗinsa milimita 84. Wato na ƙaramin injin ne mai cc 1796, namu kuwa 88 ne. A ido kusan ɗaya suke, kuma da yawa an sha cusa kayan wannan a wancan, gaskit ma haka. Ya mayar da kwalin cikin ladabi, aka ƙara jiran mako uku har na gaskiyar ya iso daga Kano. Shi ne kuma ya jera notunan motar a gwangwanayen madara, kowanne da rubutun inda aka kwance shi.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata. An gwada kan injin, wanda alminiyam ne da ruwan rijiya ya ɗan ci, aka goge fuskarsa kaɗan. An sa sabuwar sarƙar taimin, an saita bawul injin yana sanyi, tazarar na shiga milimita 0.10, ta na fita 0.25, ta kwantak 0.40. Kafireto Solex da distirbuta Ducellier an wanke an gyara, ba a musanya su ba. Wayoyin fulogi sun koma 1-3-4-2, ana ƙirga silinda ta ɗaya daga ɓangaren kuloci, yadda Faransawa suka tsara, ba daga gaban lagireto ba.

Fankar nan ma sai mun faɗa. Ta 504 da maganaɗisun lantarki take kamawa idan ruwa ya yi zafi, ta saki idan ya huce. Kusan duk wadda za ka gani a gari an ɗaure ta da noti tana juyawa dare da rana, tana ƙugi, tana ƙara wa inji nauyi. Ku kun sauya ɗan gawayin da ke kai mata wuta da makunnin da ke jikin lagireto, ta koma aikinta. Ƙwas ɗin nan kuwa haƙoran bakin farfela ne suka cinye, da boris na tsakiyar bututu da ya bushe. An samo farfelar wata 504 da ta yi hatsari aka sa. Giyabos an zuba masa man inji, wanda shi BA7 yake sha, mai kauri kuwa aka bar wa aksul.

Inda ba a samu na asali ba, irin robobin ruwa da su oyilsil, kun faɗa mana gaskiya, kun rubuta a takarda sabon yi ne. Tsofaffin kayan da aka cire kuma kun ba mu a buhu, ko ɗaya babu wanda ya ɓata.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wannan ya zama abin mamaki. Motar da ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta ci tseren Safari a 1975, ta yi shekaru tana jigilar mutane tsakanin Katsina da Maraɗi, yau yaro zai gama koyon aiki bai taɓa riƙe ma'aunin bawul ba. Da kunne ake saitawa, da guduma ake kwancewa, noti kuma a ɗaure shi da dogon bututu har sai ya yi kuka. In ka tambayi dalili a ce maka haka ake yi. Masu sayar da kaya su ma kwali suke sayarwa, abin da ke ciki kai da sa'arka.

An gwada motar zuwa Daura da dawowa da tsakar rana, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, baƙin mai kuma yana nan garau. Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa yaran nan albarka. In ta cika kilomita dubu za mu kawo ta a sake ɗaure kan injin a duba bawul, kamar yadda ka ce.

Wassalam.